Ƙarfe Goma a Ƙofar Kudu

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a Ikko, kai da masu masaukinka, Allah ya saka musu da alheri. Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, ya sauke ka lafiya inda za ka. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Gida babu abin da ya sake a kwana huɗun da ka tafi, don haka ba zan ɓata takarda a kan labarinsa ba.

Abin da ya zaunar da ni rubutu, har na roƙi direban da zai taso gobe ya kawo maka hannu da hannu kafin jirginku ya tashi, shi ne wata 'yar takarda da Innarka ta tsinta a ƙarƙashin katifarka tana shara. Rubutunka ne. Ka sa mata suna "Wuraren da zan gani a Tokyo." Na ɗaya, kasuwar kayan lantarki. Na biyu, wata hasumiya. Na uku, gidan kallon kifaye, kai da ko Gidan Zu da ke bayan gidanmu ba ka taɓa shiga da ƙafarka ba sai da makaranta ta kai ku. Na bi layi har na bakwai, can ƙasa inda takarda ta kusa ƙarewa, sai na ga ka rubuta: "Wurin bautar nan na cikin daji, saƙon Baba, in da hali."

In da hali. Sau uku na karanta, na cire tabarau na goge na sake karantawa, bai sake ba. Nura, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zaunar da kai a zaure, na ce maka Lahadi ta biyu bayan saukarka, ƙarfe goma na safe, wani dattijo mai suna Malam Tanabe zai tsaya yana jiranka a ƙofar kudu ta wurin nan. Ka ce, "To, Baba," idonka yana kan zif ɗin jakarka. Ni na san wannan "to" ɗin, a bakina ka same shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na huce sai na ga laifin ba naka ne kai kaɗai ba, domin na ba ka saƙo ban gaya maka nauyinsa ba. Kunya ce ta hana ni faɗa maka ido da ido. Yanzu zan rubuta, ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake.

Lokacin da sojoji suka miƙa mulki karo na farko kana ɗan shekara biyar. Ma'aikatarmu ta ruwa ta tura mu biyu Japan kwas na wata shida a kan injinan tura ruwa, ni da Bitrus, wanda kuke ce wa Baba Bitrus na Ƙauyen Alu. Malam Tanabe shi ne malaminmu a ɗakin injina. Gajere ne, ba shi da yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Turancinsa kaɗan ne, saboda haka duk abin da ya gagara faɗa sai ya zana. Da ya lura ba na cin naman da ake kawowa, bai tambaye ni komai ba, ya je ya sami mai dafa abinci, daga ranar kifi ake zuba mini. Da ya ga ina neman kusurwar da zan yi salla, washegari ya zo da kamfas mai nuna gabas da yamma, ya tambaye ni sunan garin da muke fuskanta, ya duba littafinsa, ya zana mini kibiya da jan fenti a daɓen ɗakin ajiya. Wata shida a kan kibiyar nan na yi sallata. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Makonmu na biyu ya ce zai kai mu mu ga wurin ibadarsu. Ka sauka daga jirgin ƙasa cikin hayaniyar da ta fi ta Kantin Kwari ranar jajiberen salla, ka taka kaɗan, sai ga wata ƙofar katako, ginshiƙai biyu da ba ka iya rungumar ɗaya, da gungume biyu a gicciye a sama. Ba ta da ƙyaure, ba ta da katanga. Kana shigewa gari ya ɗauke, sai itatuwa masu tsawo da kukan hankaki da ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin ƙafa. Malam Tanabe ya ce mini dajin nan duk da hannu aka dasa shi. Ni da na fito daga inda ake sare darbejiya don a faɗaɗa shago, na tsaya ina ta kallon itatuwan.

A wannan rana ɗaya na tafka kurakurai uku, ga su nan don kada ka maimaita.

Na tafi cikin babbar riga ta shadda da ta sha sitaci, da takalmi sau-ciki sabo fil da na saya a Sabon Gari, wai ni zan nuna musu mutumin Kano. Ban san daga ƙofa zuwa ainihin ginin tafiya ce mai nisa a kan tsakuwa ba. Kafin mu kai rabi dugadugaina sun yi bororo, ina ɗingishi ina riƙe da hannun riga. Kuma a tsakiyar hanya nake tafe, ina ganin mutane suna bin gefe-gefe na ɗauka girmama baƙo suke yi. Sai da Malam Tanabe ya ɗan ja bakin rigata ya komar da ni gefe, ya ce su tsakiyar sun bar wa abin da suke bauta wa. Don haka ka sa tsohon kambas ɗinka, wanda Innarka ta so ta ba da, ka bar sabon takalmin nan mai tsini a ɗaki. Ka bi gefen hanya. Ba imani da abinsu ka yi ba don ka bi gefe, gidan mutane ka shiga.

Na biyun shi ne wanda har yau in na tuna sai na rufe ido. Kusa da ginin akwai wata rumfa, a ƙarƙashinta kwamin dutse cike da ruwa mai gudu, an jera ludayan gora a kai. La'asar ta kusa. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ashe mutanen nan sun san alwala. Na naɗe hannun riga, na kurkure baki, na shaƙa ruwa na fyace, na wanke fuska, na yi shafar kai, sannan na tuɓe takalmi na ɗora ƙafata a bakin dutsen. Wata tsohuwa da ke gefena ta sa hannu ta rufe bakinta. Bitrus ya matso ya ce a hankali, "Garba, don girman Allah sauke ƙafarka, duk garin kai ake kallo." Ni ma'aikacin ruwa, wanda ke yi wa mutanen unguwa faɗa a kan sa bokiti mai datti a rijiya. Malam Tanabe bai yi dariya ba, bai kuma ɓata fuska ba. Ya ɗauki ludayi ya nuna mini yadda suke yi: a zuba wa hannun hagu, a zuba wa na dama, ruwan ya zube a waje, ludayi bai taɓa baki ba. Kai dai ka yi alwalarka tun daga masauki. In ka ga rumfar nan ba dole sai ka taɓa ruwan ba, ka tsaya gefe ka jira shi ya gama.

Na uku, muna cikin farfajiya sai ga jerin mutane suna tafe a hankali, mace cikin fararen kaya a ƙarƙashin jar laima, ba kiɗa, ba guɗa, ba mai tari. Na ɗauka gawa za a kai. Da aka ce mini amarya ce da ango, sai zumuɗi ya kama ni, na ga ai bai kamata a wuce ɗaurin aure ba a yi barka ba. Na ratsa cikin layin na kama hannun wani dattijo da na zaci uban ango ne, ina girgizawa ina cewa Allah ya ba da zaman lafiya. Layi ya tsaya cak. Wani mai gadi ya zo ya fitar da ni da ladabin da ya fi mari ciwo. In ka ga irin wannan jeri, ka ja da baya ka yi shiru, kuma kyamarar nan da ka ara wajen abokinka kada ka ɗaga ta a fuskar kowa sai ka nemi izini.

A bakin babban ginin mutane suna jefa kwabo a wani akwati, su rusuna, su tafa hannu, su sake rusunawa. Nan kam na ja na tsaya, kuma Malam Tanabe bai ce in matso ba, ko da ido. Tsayawar daidai ce. Abin da ban yi daidai ba shi ne yadda na ɗaure fuska kamar an yi mini sata, har ya dawo yana tambayata ko ƙafar ce take ciwo. Kai ma ba za ka rusuna ba, ba za ka tafa ba, ba za ka jefa komai ba. Za ka ga ƙananan alluna an rataye ana rubuta buƙatu, za ka ga ana sayar da layu masu kyan zare, ba ruwanka da su, ko da sunan tsaraba. Amma ka saki fuskarka. Mutum yana iya tsare addininsa ba tare da ya hura wa kowa hanci ba.

Tun da magana ta zo nan, bari in gaya maka Kawunka Sale ya hau acaɓa jiya tun daga Tarauni ya zo musamman don ya shaida mini cewa na tura ɗa gidan tsafi. Ya sha shayina kofi biyu yana faɗa. Na ce masa, "Sale, na je wurin nan da ƙafata na dawo, ka taɓa ganin na fasa salla?" Ya ce ai zamani ya sake, yaran yanzu ba su da riƙo. Na ce to mu je wajen liman. Liman ya saurare mu, ya ce abin da aka hana shi ne bauta wa wanin Allah, ba a hana mutum cika alkawari ba. Kawunka ya ce shi dai ya faɗi nasa. In ya rubuto maka, ka amsa masa da ladabi, amma kada ka ɗauki maganarsa ka mayar da ita hujjar "in da hali" ɗinka, don na san halinka.

Waɗancan ukun duk kurakuran baƙunta ne, ana yi a yi dariya a wuce. Ga wanda ba a dariya.

Kwas ya kusa ƙarewa, sanyinsu ya fara shigowa. Wata rana bayan an tashi Malam Tanabe ya tsayar da mu. Ya ce 'yarsa ta cika shekara bakwai. Ita kaɗai Allah ya ba shi, kuma sai da ya manyanta. A al'adarsu idan yarinya ta kai haka ana yi mata ado da kayan gargajiya, a kai ta wurin nan a yi godiya, a ɗauki hoto da dangi, hoton da ake ajiyewa har ta tsufa. Ya ce yana so mu zo ranar Lahadi mu shiga hoton. Bitrus ya ce masa kai tsaye ba zai samu ba, yana da coci. Malam Tanabe ya gyaɗa kai, magana ta ƙare, ba wanda ya ji haushin wani. Sai ya juyo gare ni.

Zuciyata ta riga ta ce a'a. Na ga zuwa kallo daban, zuwa taya bikin da ake yi a gaban abin bautarsu daban, kuma ban san iyakar abin da za a ce in yi ba. Da na tambaye shi da ya gaya mini, da mun daidaita cewa zan tsaya a farfajiya in shiga hoto kawai. Ban tambaya ba. Mutumin nan ya girme ni, malamina ne, shi ya zana mini alƙibla. Ta yaya zan dubi idonsa in ce ba zan zo ba? A gida ba a haka. A gida sai ka ce "to," ranar ta zo ba a gan ka ba, shi ma ya gane, ku haɗu a kasuwa ku gaisa kamar ba a yi ba, ba wanda ya kunyata wani. Da wannan tarbiyyar na buɗe baki na ce, "To, zan zo."

Ya yi murna irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya zana mini taswira: ga masaukinku, ga tasha, ka hau jirgi kaza, ka sauka a tasha ta kaza ka sake wani, ka fita ta nan, ga ƙofar kudu. A jikin ƙofar ya zana wani ɗan mutum riƙe da laima, ya nuna shi da bakin fensir ya ce, "Wannan ni ne. Ƙarfe goma."

Ranar Lahadi aka wayi gari da ruwa. Ban fita ko ƙofar masauki ba. Na wanke kayana, na yi guga, na rubuta wa Innarka wasiƙa. Da goma da rabi ta yi na dubi agogo na ce yanzu kam ya gane, ya shiga. Har barcin rana na yi, Nura, barci mai daɗi.

Litinin da safe ya shigo ɗakin injina yana tari. Kafin in haɗa ƙaryar da zan yi, ya zo gabana ya rusuna, ya ce in yafe masa. Wai taswirarsa ce ba ta yi kyau ba. Wai tashar tana da mafita biyu, bai nuna sosai ba, kamata ya yi ya zo ya ɗauke ni da kansa. A hankali, da guntun Turancinsa, na gane abin da ya faru. Da goma ta wuce ya ce wa matarsa da 'yar da kakarta su shiga, shi zai jira, kada baƙo ya iso cikin ruwa ya tarar ba kowa. Ya tsaya. Ya zaga ɗaya ƙofar ko can na ɓulla, ya dawo. Ya shiga tasha yana tambayar ma'aikata ko sun ga wani dogon baƙin mutum da hula. Bai bar wurin ba sai bayan ƙarfe ɗaya. An yi abin da za a yi, an ɗauki hoto. Daga baya ya nuna mini hoton: yarinya cikin jan kaya da fure a ka, uwarta, kakarta. Shi ba ya ciki.

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce, "Ba komai, jirgin ne ya rikita ni." Na karɓi haƙurin da ya ba ni. Har ya miƙo mini laimar da ya riƙo domina ran nan, ya ce in riƙe kada ruwa ya sake dukana, na sa hannu biyu na karɓa. Ita ce baƙar laimar nan mai mariƙin gora da kuka yi ta zuwa makaranta da ita har kuka karya. Da muka koma masauki Bitrus ya ce, "Garba, wannan ba kunya ba ce, rashin tausayi ne." Kwana biyu bai yi mini magana ba. Har yau in muka haɗu a wajen karɓar fansho, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ka rubuta wa mutumin nan gaskiya?" Ni kuwa in kawo zancen tsadar taki.

Ga darasin, kuma shi ne mafi girma a takardar nan. In ba za ka yi abu ba, ka faɗa a take, da ladabi, fuska a sake. Mutanen can "to" ɗinka suke ɗauka su tsara ranarsu a kai. Mu nan mun mayar da shi abin sallamar mutum. Dubi kansilanmu, tun da farar hula suka dawo sau huɗu muna zuwa masa a kan kwatar bakin layi, sau huɗu yana cewa "to, Alhaji, an gama," ga kwata nan tana shiga gidan mutane. Ina zaginsa a raina, sai in tuna ni ma jam'iyyarmu ɗaya da shi a wannan fanni. Kada ka hau jirgi da wannan hali.

Bayan na dawo, Malam Tanabe ya yi ta aiko mini kati duk sabuwar shekararsu. Na amsa biyu na daina, domin duk katin da ya zo sai in kwana biyu abinci ba ya mini daɗi. Shi ma daga baya ya daina. Da takardar karatunka ta fito na ga sunan garin, na ɗauko tsohon adireshi na rubuta, ban sa rai ba. Na ce masa ɗana yana zuwa. Iyakar abin da na ce ke nan. Sau uku na fara rubuta gaskiyar ina yagewa, in na sa ta a Turanci sai ta fito kamar ƙaramin abu. Wannan dalili ɗaya ne. Ɗayan kuwa tsoro ne, ba sai na ɓoye maka ba.

Watan jiya amsa ta zo. 'Yar ce ta rubuta masa Turancin, ita da aka yi wa hoto, yanzu malamar makaranta ce. Ya yi ritaya, gwiwa ta matsa masa, da sanda yake tafiya. Ya ce zai so ya ga ɗan Garba, kuma zai so ya nuna maka dajin nan. Shi ya zaɓi rana da lokaci. A cikin ambulan ɗin akwai sabuwar taswira, shafi biyu, da hannunsa. Ya ƙirga matakalar tasha ya rubuta yawansu. Ya zana kibiyoyi da jan biro, ya sa alama babba a kan mafitar da ba a bi. A jikin ƙofa ga ɗan mutumin nan, yanzu da sanda a maimakon laima. A ƙasa ya rubuta da kansa, harafi ɗaya-ɗaya, cewa wannan karon ya kula sosai, a yafe masa ta farko.

Shekara ashirin, Nura. Shekara ashirin mutumin nan yana ganin shi ya ɓatar da baƙonsa, kuma shi ya jawo wa kansa rashin shiga hoton 'yarsa. Innarka ta same ni a zaure da takardar a hannu, ta tambaye ni wa ya mutu. Na ce ba kowa. Sai a ranar ta ji labarin nan, kuma abin da ta ce mini ba zan rubuta maka ba, amma ta yi gaskiya.

Taswirar nan ita ce a cikin ambulan mai ruwan ƙasa da na sa a aljihun ciki na jakarka, na ce ka duba. Na tabbata ba ka buɗe ba. Buɗe yanzu. Sannan ka ɗauko takardar wurarenka, in ka sake rubuta wata, ka mayar da na bakwai ya zama na ɗaya, ka soke kalmomin nan uku.

Ga yadda za ka yi, kuma ba shawara nake ba ka ba. Kana sauka ka gyara agogonka da na filin jirgi. Ranar Asabar, jajiberen ranar, ka ɗauki taswirar ka bi ta tun daga masaukinka har ƙofar, ka ga tsawon lokacin da za ta ci, ka dawo. Ranar Lahadi ka fita da awa guda a kan abin da ka auna. Jirginsu ba hayis ɗin Gyaɗi-Gyaɗi ba ne da kwandasta zai hango ka daga nesa ya buga mota a jira ka. Ina nanata wannan ne domin na san wanda nake yi wa magana. Ɗaurin auren yayarka a ƙofar gidanmu aka yi, kana cikin gidan, ka fito an shafa fatiha ana rabon goro. Ranar karɓar fasfo sai da na tsaya a kanka kana neman ƙafar safa ɗaya. Wannan karon ba ni nan da zan tsaya a kanka, kuma wanda zai tsaya dominka tsoho ne mai ciwon gwiwa, wanda na riga na san ba ya tafiya in bai ga baƙonsa ba. In ruwa ake, ka je. In zazzaɓi kake, ka sha magani ka je. In abokai sun ce ranar za su kasuwar lantarki, kasuwa ba ta tashi.

Idan kun haɗu ka gaishe shi kamar yadda za ka gaida kakanka. Ka ba shi hular da Innarka ta naɗe a jarida, da hannu biyu. Ka yi tafiya daidai da ƙafarsa, ba irin saurinka ba. Tun kafin ku kai ginin ka gaya masa a fili inda za ka tsaya da abin da ba za ka yi ba, za ka ga ba zai ji komai ba, ni ne shaida. In ya gama nasa kuka sami benci a ƙarƙashin itatuwan nan ya huta, to sai ka isar da saƙona. Ka ce masa: ubana ya ce taswirarka ta farko ba ta da laifi ko kaɗan. Bai ɓata ba, bai ma fito daga ɗaki ba. Ya ce zai zo alhali ya san ba zai zo ba, sannan ya bar ka ka ba shi haƙuri. Yana roƙonka gafara, kai da 'yarka. Haka za ka faɗa, kada ka gyara mini, kada ka sassauta don ka rufa mini asiri, na gaji da rufin. In ya yi fushi, ka tsaya ka saurara har ya gama, haƙƙinsa ne. In ya yi shiru, kada ka cika wurin da surutu.

In ya yarda bayan haka, ka roƙi wani mai wucewa ya ɗauke ku hoto a bakin ƙofar, shi a tsakiya. Ka wanke biyu, ka ba shi ɗaya, ka aiko mini ɗaya. Ba na son rediyo, ba na son agogo, tsarabar da nake so ke nan.

Sauran nasiha ka riga ka sha ta a wajen Innarka: salla a kan lokaci, ka duba abin da za ka ci, ka rubuto gida. Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka abin da ka je nema, ya haɗa ka da mutanen kirki irin wanda ya haɗa ni da shi, ya sa ka fi ni sanin darajarsu. Allah ya kare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya dawo mana da kai muna raye. Allah ya yi maka albarka. Amin.

Ya ce ƙarfe goma. Kai ka kasance a ƙofar nan tun tara da rabi. Ina so tsohon nan ya fito daga tasha da sandarsa, ya ɗaga kai, ya tarar ɗan gidana ne yake tsaye yana jiransa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba